Littafin Da Ya Hana 'Yata Barci

Yau ba maganar girki ko ta kwalliya na zo muku da ita ba. Maganar wani ɗan tsohon littafi ce, wanda kaurinsa bai kai na ɗan yatsa ba, amma ya hana wata yarinya barci a ɗakina, ni kuma ya sa na koma ina sake duba abin da na ɗauka na daɗe da gama saninsa.

Yarinyar ɗiyar ƙanena ce. Iyayenta suna Bungudu, ita kuwa tana hannuna a nan Gusau saboda makaranta. Ma'abociyar karatu ce ƙwarai, sai dai duk karatun nata a waya take yin sa, irin labaran nan da ake turowa shafi-shafi, yau a ba ka kaɗan, gobe a ce sai ka biya kafin ka ga ci gaba. To, ran nan muka je suna Tsafe gidan yayata, ana neman wasu tsofaffin kwanonin samira a cikin adaka, sai ga tarin littattafan marigayi mijinta, wanda malamin makaranta ne, Allah ya jiƙansa. A ciki yarinyar nan ta zaro Jiki Magayi, bangonsa ya yage, gara ta ɗan taɓa gefensa. Ta juya shi gaba da baya, ta yatsine fuska, ta ce, "Gwaggo, wanga ai na tsofaffi na." Na ce da ita, "Riƙe dai, ya rage miki hanya." Da wuri muka kamo hanyar gida, domin kuwa a 'yan shekarun nan babu mai son magariba ta riske shi tsakanin Tsafe da Gusau. Kafin mu wuce dutsen Kwatarkwashi na lura bakinta ya mutu, alhali yarinya ce da ba a shiga mota da ita a ji kunne.

Cikin dare, wajen ƙarfe ɗaya, sai na ji ana taɓa ƙafata. Na buɗe ido na gan ta zaune da fitilar waya a hannu. Ta ce, "Gwaggo, kin yi kwana? Ni dai gabana ke ta faɗuwa. Kuma babu aljani, babu dodo, ba a kashe kowa ba, amma tsoro nike ji." Wallahi dariya ta kusa kama ni, amma na danne, saboda abin da ta faɗa ɗin nan ya fi bayanin da malamai da yawa za su yi a kan littafin.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin akwai abin da muke yawan cakuɗawa. Firgita daban, zullumi daban. A ce mace ta zura ƙafa a takalmi kunama ta harbe ta, ta yi ƙara, ke ma da ke kusa kika zabura. Wannan firgita ce, nan take ta zo, nan take ta wuce. To amma a ce kina leƙe ta taga kin ga lokacin da kunamar ta shige takalmin, kuma ba ki da ikon yin magana. Ga matar can tana saka kwalli, tana neman mayafi, tana yi wa yaro faɗa, ta matso kusa da takalmin sai a kira ta ta koma, ta sake dawowa. Duk tsawon wannan lokaci ke ce a cikin azaba, ita ba ta san komai ba. Wannan shi ne zullumi. Turawa suna da rukuni guda na littattafai da aka gina a kan wannan, waɗanda abin tsoron da ke cikinsu ba daga daji yake fitowa ba, daga cikin zuciyar mutum yake fitowa. Ni dai labaran zullumi nake kiran su, kuma a ganina Jiki Magayi shi ne kakansu a Hausa.

Ga waɗanda ba su san asalinsa ba, a shekarar 1933 ne hukumar fassara da talifi ta Zariya, a ƙarƙashin wani Bature Rupert East, ta nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi shi ne na biyar ɗinsu, kuma hannu biyu ne suka yi shi, John Tafida mutumin Wusasa da shi East ɗin kansa. Idan kika jera su za ki ga ya fita daban. Ruwan Bagaja yawon duniya ne da raha, Ganɗoki yaƙi ne da kirari. Shi kuwa wannan daga cikin gida ya taso, a kan maganar aure da haihuwa da kuɗi, wato abubuwan nan uku da har gobe su ne suke raba zumunci a unguwanninmu.

Labarin a farkonsa ba shi da wani ɗaurin kai. A wani gari Galma akwai attajiri, Malam Shehu, Allah ya ba shi dukiya amma bai ba shi haihuwa ba. Ya yi mafarki cewa in ya auri wata yarinya Zainab zai sami ɗa. Ita kuwa Zainab tana da saurayinta Abubakar, sun daɗe suna son juna. Attajiri ya sa kuɗi, ya haɗa da taimakon malami, ya raba su ya aure ta. Abubakar ya bar gari da ƙuduri ɗaya a ransa, ya nemo abin da zai rama da shi. Zainab ta haifi ɗa namiji, ana kiran sa Kyauta. Nan yarinyar tawa ta kai a daren farko, kuma nan ne kunama ta shiga takalmi.

Abu na farko da ta yi ƙorafi a kai tun muna mota shi ne wai littafin ba shi da gishiri. Ba a tsaya an siffanta idon Zainab da hancinta da gashinta ba, babu wasiƙar soyayya, babu kalaman da ake kwafa a tura wa saurayi. Gaskiyarta, babu. Mu da muka tashi a zamanin shagunan hayar littattafai, muna ɓoye In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a ƙarƙashin filo, mun saba da marubuci ya ɓata shafi uku a kan kwalliyar budurwa da launin motar saurayi kafin a ce uffan. Ban raina wannan ba, don da shi da yawanmu muka koyi karatun Hausa sosai. To amma a nan rashin adon shi ne ƙarfin littafin. An gaya miki abin da kowa yake so, an nuna miki abin da ya tare masa hanya, an sake ki. Ba a ba ki wurin hutawa ba. Wanda ya gina gida babu dakali, ai so yake a shige ciki kai tsaye.

Sai dai inda na fi jin daɗin hirarmu shi ne a kan Abubakar. Da safe tana shara tana cewa, "Ni wallahi ina bayan Abubakar. An cuce shi. Duk abin da ya yi ma Malam Shehu shi ya ja." Na yi shiru ban tanka ba, domin na san ramin da take tafiya zuwa gare shi, ni ma na taɓa faɗawa. Wannan ita ce babbar dabarar littafin. Ya fara da sa ki tausaya wa wanda aka zalunta, har ki ɗaura ɗamara ki bi shi, kina yi masa fatan nasara. Kina tafe kina tafe, sai ki waiwaya ki ga ashe mutumin da kike bi ya canza, ba saurayin nan mai ban tausayi ba ne kuma, wani ne da ba ya ci ba ya sha sai tunanin mugunta. Sannan ki gane cewa ramuwar tasa ba a kan attajirin za ta sauka kai tsaye ba, a kan jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba za ta bi. A lokacin nan kin riga kin yi nisa tare da shi, kunyar kanki ta kama ki. Kwana biyu bayan haka da ta iso wurin, sai ta ajiye littafin a cinya ta ce, "To shi yaron mi ya yi?" Ban ba ta amsa ba, don littafin ma tambayar yake so a yi.

Mu mutanen Zamfara ba ma bukatar a yi mana dogon sharhi a kan wannan tambaya. Fiye da shekara goma ke nan muna ganin yadda abin da ya faro da an cuce ni sai na rama ya zama wutar da ta ci ƙauyuka, kuma mafi yawan waɗanda suke biyan bashin ba su ne suka ci shi ba. Mata da yara ne a tashoshin mota da kangwaye. Ba na son in ja maganar nan da nisa a cikin sharhin littafi, amma ƙarya nake in na ce ban tuna da ita ba lokacin da yarinyar nan ta yi tambayarta.

Shi ma Malam Shehu ba a yi shi baƙi ƙirin ba, kuma wannan abin yabo ne. Da a ce irin mugun alhajin nan ne mai ƙaton ciki da jan ido da muka saba gani a littattafai, da labarin ya yi arha. Mutum ne da rashin haihuwa ya dame shi, yana kallon dukiyarsa yana tunanin wa zai bar wa. Duk macen da ta taɓa zama shekara biyar a gidan miji babu ko ɓatan wata ta san irin wannan ƙuna, ta ma fi shi sani. Laifinsa shi ne ya ɗauka tunda bukatarsa ta gaskiya ce, to duk hanyar da ya bi halal ce, kuma duk abin da ya karya kuɗi za su gyara. Saboda haka kina jin haushinsa kina kuma tausayinsa, kina tsoron abin da zai same shi alhali kin san shi ya tono. Marubucin da ya iya raba zuciyar mai karatu biyu haka, ya iya aikinsa.

Yanzu kuma ga inda muka saɓa da 'yar tawa, kuma ga inda nake da ƙorafi a kan littafin kansa. Ita Zainab ta fi ba ta haushi a kan kowa. Ta ce maciya amana ce, kwaɗayayya, ta ga kuɗi ta manta alkawari. Na ce da ita, "Tsaya tukuna. A duk abin da kika karanta, sau nawa aka shigar da ke cikin zuciyar Zainab kika ji abin da take saƙawa?" Ta yi shiru tana lissafi. Gaskiyar magana ita ce an buɗe mana cikin maza biyu, an bar macen a rufe. An nuna mana damuwar attajiri, an bi Abubakar daji-daji, amma yarinyar da ake ja-in-ja a kanta, wadda aurenta da cikinta da ɗanta su ne ƙashin bayan labarin gaba ɗaya, an mai da ita kamar gonar da ake shari'a a kanta. Juyawar zuciyarta ma an rataya ta a kan dukiya da aikin malami, an huta. Alhali nan ne wurin da ya fi kowane wuri daɗin tonawa. Yaya yarinya take ji a daren da ta gane iyayenta sun riga sun karkata? Da wane ido take kallon mijin da ta san sayen ta ya yi, kuma ga shi yana kyautata mata? Idan ta ɗauki jaririnta, ba ta tuna wanda ta san ya tafi da ƙullin ta a rai? Haka nan matan gidan da ta tarar, waɗanda aka yo musu amarya musamman don ta yi abin da suka kasa, wa ya ji ta bakinsu? Littafi guda ne cur a ɗakunan matan nan, aka wuce shi aka tafi yawon daji.

Ba abin mamaki ba ne, maza biyu ne suka rubuta, ɗaya ma baƙo, shekara casa'in da suka wuce. Sai da mata suka ɗauki alƙalami da kansu sannan aka fara jin wannan ɓangare. Hafsatu Abdulwahid, wadda ta daɗe da zama a nan Gusau, ta fito da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu kuma a Wa Zai Auri Jahila? ta ɗauki yarinya Abu, kun ga ita ma Zainabu ce, aka yi mata auren dole da Sarkin Noma, amma ta bar mu muka zauna a cikin zuciyarta har ta ƙwaci kanta. Na ce da 'yar tawa in ta gama wannan ta nemi wancan, ta ajiye Zainabun biyu kusa da juna ta gani.

Ƙorafina na biyu a kan tsakiyar littafin ne, wato tafiyar Abubakar neman asiri. A nan labarin ya ɗan saki hanyarsa ya koma salon tatsuniya, daji da wahalhalu da abubuwan al'ajabi, kamar marubutan sun ji tsoron kada mai karatu ya gaji da maganar cikin gida. Ita yarinyar ta ji daɗin wurin, ni kuwa ina ganin zullumin ya ɗan yi sanyi. Amma zan yi musu adalci a kan abu ɗaya. Tsawon tafiyar ya nuna mana irin shekarun da mutum zai iya ƙonawa a kan ƙiyayya, ya bar sana'a, ya bar gida, ya tsufa a kan hanya, alhali wadda yake yi dominta tana can tana renon ɗanta. Sannan ko da an cire asirin gaba ɗaya labarin zai tsaya da ƙafarsa. Ɗa ɗaya tilo da aka samu bayan an ɗebe tsammani, a gidan da kuɗi suka yi yawa, kowace uwa ta san hatsarin da ke kansa ko babu wanda ya yi masa turare. Don haka da Kyauta ya tashi ya zama ɓarawo, mai karatu na iya cewa sammu ne, na iya kuma cewa daga gida aka fara. Na so a ce littafin ya ƙara jan wannan zare, ya bar mu cikin kokwanto, da ya fi haka tsoratarwa.

Akwai wani littafin Ingila da nake yawan tunawa in ana wannan magana, sunansa Rebecca, wata mata Daphne du Maurier ta rubuta shi a 1938, wato kusan sa'an Jiki Magayi ne. Yarinya ce marar gata ta auri mai kuɗi wanda matarsa ta fari ta mutu. Ta tare a ƙaton gida, ta tarar komai na marigayiyar yana nan yadda ta bar shi, ga wata tsohuwar mai aikin gidan da kullum take nuna mata cewa ba ta kai waccan ba. Kishi da matacciya ke nan, wadda ba a iya yin faɗa da ita, ba a iya kai ƙarar ta. Babu fatalwa ko ɗaya a littafin, amma mutum ba ya iya ajiye shi. Da na ba 'yar tawa labarin sai ta ce, "Gwaggo, wanga ai a Bungudu ma ana yi." Ƙwarai kuwa. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga 'yan matanmu masu rubutu a waya suna wahalar da kansu wajen kawo bindiga da guba da hatsarin mota a kowane shafi, wai don kada mai karatu ta gudu. Firgita ce suke tarawa, ita kuwa in ta yi yawa jiki sabawa yake yi. Kayan zullumi na gaske suna nan zube a tsakar gidajenmu babu mai ɗauka. Kishiyar da ba ta taɓa ɗaga miki murya ba, kullum da murmushi take gaishe ki. Uwar miji da ta daina yi miki faɗa kwatsam. Maigida da ya fara shigowa da fara'ar da ba a saba gani ba, yana kuma kifa wayarsa in zai shiga wanka. Wace ce a cikinmu ba ta san faɗuwar gaban da ke cikin waɗannan ba?

Har yanzu da nake wannan rubutu ba ta kai ƙarshe ba, saboda jarrabawa ta taso na karɓe littafin na kulle a durowa. Ta yi magiya ta yi naci in gaya mata abin da zai faru tsakanin Kyauta da ubansa, na ƙi, kuma ku ma ba zan gaya muku ba, duk da na san wasunku sun karanta shi a makaranta sun manta. Iyaka dai na ce da ita kada ta karanta shafukan ƙarshe da dare.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta je gida Bungudu, ashe ta lallaɓa ta ɗauke makullin ta tafi da shi. Da ta dawo take gaya mini ta karanta wa innarta farkon labarin suna tsinkar zogale. Na ce, "To, me ta ce?" Ta ce innar tata ba ta ko ɗaga kai ba, cewa ta yi ita ba ta san Abubakar ba, amma Malam Shehu kam akwai uku a unguwarsu, ɗaya ma ranar Asabar za a ɗaura masa aure.